Daga gonar baba zuwa bakin karofi: kundin aikin rinin tsirrai a ƙasar Bunkure

18 ga Mayu, 2024

An fara da duba tsohuwar marinar da ke bayan gari. Karofi goma sha ɗaya ne a jere. Takwas yashi da shara sun binne su, biyu sun tsage har ƙasa, ɗaya ne ke da sauran ƙwari. Zurfinsa mita biyu, faɗin bakinsa santimita 80, wato zai ci kimanin lita dubu ɗaya, jarka 40 ke nan mai lita 25. Shi za a gyara idan damina ta wuce.

Launi huɗu muke nema, duka daga tsiro: shuɗi daga baba, ja daga karan dafi, baƙi daga bagaruwa, sai ruwan ɗorawa wanda ba a tsayar da inda za a samo shi ba tukuna. Ƙa'idar aikin ɗaya ce. Ba a tonon saiwa, ba a sassaƙar ɓawo, ba a sare itace don a sami toka. Ganye, 'ya'yan itace, da abin da aka noma da hannu, su kaɗai za su shiga tukunya. Mutane sukan ɗauka duk abin da aka ce na gargajiya ne ba ya cutar da ƙasa, alhali marinin da ya kayar da marke ya ƙone shi don tokar karofi ɗaya ya yi wa daji ɓarnar da sai an shekara ashirin ba a mayar ba. Saboda haka a kowane mataki za a rubuta abin da aka ɗauko da inda sauransa ya tafi.

20 ga Yuni

Ruwa ya zauna, an yi shuka. Gonar baba mita 20 ce a mita 25, jigawa mai ɗan jan ƙasa. Iri gram 600. Ƙwayar baba tana da taurin baya, idan aka shuka ta haka nan rabi ba ya fitowa. An tafasa ruwa, an sauke, an bari tururi ya lafa, sannan aka zuba irin ya kwana a ciki. Da safe wanda ya kumbura shi ne zai tsiro. An gauraya shi da yashi don kada ya taru wuri ɗaya, aka yafa a layi, santimita 50 tsakanin layi da layi, aka rufe da ƙasa kaɗan, kada ta wuce kaurin ɗan yatsa. Ba a sa takin zamani ba. Baba dangin wake ne, yana da 'yan ƙurajen nan a saiwa da ke ƙara wa ƙasa ƙarfi.

Karan dafi an shuka shi layi shida a gefen gonar dawa, kamar yadda manoma suka saba. Dawa ce shi ma, sai dai ba don hatsi ake nomansa ba.

14 ga Yuli

Tsiro ya yi kyau sai a kusurwar gabas, inda ruwa ya kwanta kwana uku. Nan ganyen ya yi fari, saiwa ta ruɓe, layi huɗu sun tafi. An yi ɗan magudani. An yi noman farko da hannu, domin a wannan lokacin ciyawa tana fin baba saurin tashi, idan ta rufe shi ba ya farfaɗowa.

22 ga Satumba

Yankan farko, kwana 94 da shuka. Ba lissafin kwana ake bi ba, fure ake kallo: da zarar ƙananan jajayen furannin nan sun fara buɗewa, launi ya cika a ganye. Idan aka bari ya ɗaure 'ya'ya, ƙarfin ya koma can. Akwai kuma gwajin hannu. A murza ganye a tafin hannu har ruwansa ya fito, a jira kamar minti biyar. Idan wurin ya koma shuɗi-shuɗi, lokaci ya yi.

An yi yankan da sassafe kafin rana ta yi zafi, da lauje, an bar kututture tsawon taƙi ɗaya don ya sake tofowa. Abin da aka auna ɗanye kilo 440 ne. An ware kilo 60 don fitar da shuni, sauran an sassara shi gajeru, an tara a inuwa, an yayyafa ruwa, an rufe da buhu ya yi kwana uku yana ɗumi har ya yi baƙi-baƙi, sannan aka baza ya bushe. Wannan shi ne baban da za a zuba a karofi.

24 ga Satumba

Shuɗi ba ya zaune a ganye a matsayin shuɗi. Wani sinadari ne marar launi, masana suna ce masa indikan. Idan ganye ya jiƙu, sai sinadarin ya rabu da sukarin da ke jikinsa ya narke a ruwa, idan kuma ya haɗu da iska sai ya zama ƙwayar shuni wadda ba ta narkewa. Duk aikin rinin baba wasa ne tsakanin waɗannan halaye biyu, narkakke da daskararre.

An raba kilo 60 ɗin gida biyu a gangunan roba masu lita 200, an danne da dutse, an cika ruwa. Ganga ta farko an tsame ganyenta bayan awa 14. Ruwan ya yi tsanwa mai ɗorawa, samansa da wani yanayi mai ƙyalli kamar wuyan tattabara, warinsa na ɗanyen ganye. An yi ta ɗiba da ƙwarya ana kwararowa daga sama, minti 50 ba tsayawa. Kumfa ta tashi shuɗiya, ta yi tsororuwa, daga baya ta faɗa. An ɗebi kaɗan a farin faranti, aka ga ƙananan ƙwayoyi suna rabuwa da ruwa suna gangarawa ƙasa. Nan ake tsayawa. Idan aka ci gaba da bugu ƙwayoyin suna niƙewa su ƙi kwanciya. An bar ta ta kwana, an tsiyaye ruwan sama, an tafasa laka a tukunyar ƙasa minti 20 don a kashe ruɓa, an tace a yadi, an dunƙula. Bayan ya bushe: gram 105, mai nauyin launi, idan aka karta da farce sai layin ya yi ƙyallin jan ƙarfe.

Ganga ta biyu da gangan aka bar ta awa 26, don a ga abin da wuce lokaci ke yi. Ganye ya yi yauƙi, wari ya koma na kwata, abin da aka samu gram 40 ne mai launin toka. A zafin Satumba kada jiƙo ya wuce awa 16.

Kilo 30 na ganye ya ba da abin da bai cika tafin hannu ba. Duk wanda ya ga wannan zai gane dalilin da ya sa ake ce wa mawadata masu hannu da shuni. Shi ne ake shafa wa turkudi da rawani ɗan Kura a mabuga har su yi ƙyalli, kayan da Buzaye suke saye tun zamanin da Heinrich Barth, Bajamushe mai yawon bincike, ya zo Kano a 1851 ya ga yadda rinannen tufafin ƙasar nan ke kaiwa har Tumbuktu. Da kamfanin BASF na Jamus ya fito da shunin masana'anta a 1897, noman baba ya fara ja da baya a duniya, har abin ya iso karofin da za mu yashe.

Ganyen da aka tsame bai tafi bola ba. An mayar da shi gonar, taki ne mai kyau.

12 ga Oktoba

Gyaran karofi. An yashe shi, an kankare tsohon shafe. A ƙasansa an sami katsi, wato lakar tsohon rini, da ya daskare kusan kamu ɗaya. An dunƙula shi, an shanya, an ƙona da kashin shanu busasshe har ya yi fari. Kashi biyu cikin uku an daka an tankaɗe, an kwaɓa da gashin akuya da aka karɓo wurin majema da ruwan dafara, ya zama laso. An shafe ciki sau uku, kowane shafi sai ya sha iska kwana biyu, ana goge shi da dutse mai santsi. Shafin farko an yi shi da kauri fiye da kima, ya tsattsage, sai da aka sake. Siriri-siriri ya fi kamawa. An cika ruwa an bar shi kwana huɗu, abin da ya ragu bai kai yatsa biyu ba.

3 ga Nuwamba

An yi yanka na biyu, kilo 120 kacal, domin ruwa ya ɗauke tun farkon Oktoba. An bar layi uku su yi iri.

An haɗa karofi ranar 27 ga Oktoba: ruwa jarka 30, busasshen baba kilo 60, toka bokiti 12 mai lita 15, ƙonannen katsi bokiti biyu. Ana motsawa da muciya safe da yamma. Yau kwana bakwai, ya kamata a ce kumfa ta fara. Babu. Sai tsami da wari mai hawa kai, ruwan kuma ya yi launin ƙasa. Takardar gwajin pH, wato ma'aunin kaifin ruwa, ta nuna 8, alhali ana son tsakanin 10 da 11 a farkon haɗi.

Laifin daga toka yake. Bakwai cikin bokitai goma sha biyun tokar ɓuntun shinkafa ce, wadda ake samu a banza a wuraren casa a duk yankin Kura da Kadawa. Ido yana ganinta fara tas, amma yawancinta yashi-yashi ce, ba ta da kaifi. Gwajin da ya kamata a yi tun farko mai sauƙi ne: a jiƙa toka a kofi, a shafa ruwan tsakanin yatsu. Mai kaifi tana santsi kamar sabulu. Ta ɓuntu ba ta yi.

Abin da ya sa kaifi ke da muhimmanci shi ne, karofi abu ne mai rai. Ƙananan halittun da ke cikinsa su ne ke cinye iskar da ke ruwa, su mayar da shuni narkakke don ya iya shiga zare. Waɗannan halittu a ruwa mai kaifi suke rayuwa. Idan kaifi ya yi ƙasa, masu ruɓarwa ne ke cin kasuwarsu. Idan ya yi yawa kuma, kowa ya mutu, karofi ya yi shiru.

Tsofaffin marina tokar itace mai tauri suka fi so, marke da ire-irensa. Ba za mu bi nan ba. An zagaya gidaje goma sha biyar an tattaro tokar murhu, wadda dama zubarwa za a yi, an ƙi karɓar ta duk murhun da ake hura wuta da leda. An ƙara da tokar totuwar masara da ta karan riɗi. An jiƙa bokiti shida, an tace ruwan an zuba, an narka kanwa kilo biyu an bi da ita.

17 ga Nuwamba

Karofi ya tashi. Tun kwana biyar bayan gyara tsami ya gushe, pH ya tsaya a 10. Yau kumfa ta taru a tsakiya, shuɗiya mai ratsin jan ƙarfe, idan aka ture ta ruwan ƙasa kore ne mai ɗorawa.

Yadin gwaji akoko ne da farin saƙi. Akoko yana zuwa da sitaci, sai an dafa shi awa ɗaya a ruwan toka an ɗauraye, in ba haka ba rini ya fito dabbare-dabbare. Ana sa yadi a jiƙe, a hankali, ta gefen karofi, ba a fantsama, domin duk iskar da ta shiga asarar launi ce. Ana murza shi a ƙarƙashin ruwa minti uku, a matse shi dab da saman ruwa, a baza. Yana fitowa kore shar kamar ganyen alayyafo, a gaban ido yana juyawa, gefuna su fara, kafin minti goma ya zama shuɗi. Tsomi uku ya ba da bula mai haske, takwas ya ba da shuɗi sosai, goma sha biyar ya kusa baƙi. Wani ƙyalle da aka bari minti 40 a tsomi ɗaya bai kai mai tsomi takwas ba, kuma yana zuba a hannu, domin launin a saman zare ya taru. An kuma lura idan aka yi rini nan da nan bayan motsi, laka tana manne wa yadi. A motsa da yamma, a rina da safe.

8 ga Disamba

An girbe karan dafi. Launin yana cikin gindin ganyen da ya naɗe kara, wanda ke yin ja wur har ya yi duhu idan ya nuna. An ɓare shi da hannu, an shanya a inuwa, an daka. Layi shida sun ba da gari kilo huɗu da rabi. Karan an ba dabbobi, zangarniya an ajiye iri.

A fata ba shi da wahala. Gari cokali huɗu a ruwan kanwa rabin lita, a shafa wa jemammiyar fatar akuya sau biyu, a bi da lemon tsami don ja ya buɗe. Wannan ne jan fatar da aka daɗe ana kaiwa arewa ta Sahara, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Kaba ma tana kama shi da kyau.

Auduga ce mai gardama. Ƙyallen da aka tsoma kai tsaye ya yi ja mai daɗin gani, wanki biyu ya koma ruwan hoda. Abin da ya yi aiki, a kan yadi kilo ɗaya: a jiƙa shi ya kwana a ruwan bagaruwa gram 250, a matse ba ɗauraya, a sa shi awa biyu a ruwan ɗumi mai alif gram 150 da kanwa gram 20, sannan a dafa shi a garin karan dafi gram 700, wuta kaɗan, awa ɗaya, kada ya tafasa da ƙarfi. Ja ne mai duhu kamar zoɓo. Tukunyar ƙasa aka yi amfani da ita. Gwaji ɗaya da aka yi a rabin gangar ƙarfe ya fito launin hanta, domin tsatsa tana haɗuwa da bagaruwa ta dusashe komai.

5 ga Janairu, 2025

Hunturu ya kwantar da karofi. Zafin ruwan ya sauka zuwa digiri 19 da asuba, kumfa ta ɓace, yadi yana fitowa shuɗi-shuɗi marar kamu maimakon kore. Bai mutu ba, barci yake. An ƙara dusar gero mudu ɗaya ta zama abincin halittun, an zuba jarka biyu na ruwan toka mai ɗumi, ana rufe baki da tabarma da buhuna da dare, a buɗe da hantsi. Kwana shida ya dawo.

Maganar ruwan ɗorawa an yanke ta. Abin da aka saba shi ne saiwar rawaya, kuma launinta yana da kyau. Amma sai an tone ta ɗungurungum, ga masu magani suna nemanta, ga masu miya. A inda ake samunta a da a bakin gona, yanzu sai an yi tafiya. An cire ta daga lissafi. Gangamau yana ba da launi mai haske ƙwarai, amma rana tana cinye shi cikin kwanaki, sabulu kuma yana juya shi ja. Biyu suka rage. Ɓawon albasa, wanda ake sharewa a zubar a rumfunan masu albasa, gram 400 a yadi kilo ɗaya mai alif, ya ba da ɗorawa mai ɗan ja. Ganyen marke, nauyinsa daidai da na yadi, a tafasa minti 45, ya ba da ɗorawa mai ɗan kore, kuma ba ya buƙatar bagaruwa domin yana da nasa ɗacin. Da shi masu rinin laka na Mali suke fara jiƙa yadinsu. Ganyen an tsinke shi tun Nuwamba kafin ya zube, daga rassan ƙasa, ba a karya reshe ba. Marke yana cikin itatuwan da masu gawayi suke farauta. Idan mai gona ya ga ana sayen ganyensa duk shekara, zai yi tunani kafin ya sayar da gindin sau ɗaya.

Ƙyallen da aka yi wa tsomi uku a baba, aka bi da marke, ya fito kore.

9 ga Fabrairu

Bagaruwa ta bushe a kan uwa. An tsinci wadda ta faɗo, an kakkaɓe wadda ta nuna da gora, ba sara. Buhu biyu daga bishiya biyar na bakin fadama. Kafin daka sai an fasa an cire ƙwaya, domin ɗacin a kwasfa yake.

An haɗa kuloko, ruwan ƙarfen da ke fito da baƙi, tun makonni biyu da suka wuce: tsofaffin ƙusoshi da guntayen ƙarfe daga maƙera kilo biyu, ruwa lita 10, mazarƙwaila gram 300, tsamiya dunƙule ɗaya, a tulu a rufe. Yadin da ya kwana a bagaruwa gram 400 ana tsoma shi a ruwan kuloko da aka tace aka sirka, kofi ɗaya a lita biyar, minti goma. Yana shiga ya yi toka, ya sha iska ya yi duhu. Zagaye uku, bagaruwa sannan kuloko, ya ba da baƙi. An gwada kuloko tsantsa ba sirki: baƙin ya zo da wuri, amma yadin ya yi kaushi, da aka ja sai ya yage. Ƙarfe idan ya yi yawa yana cin zare. Baƙin da ya fi kowanne zurfi shi ne wanda aka fara yi wa tsomi shida a baba.

Ƙwayar da aka cire ba a zubar ba. An zuba mata ruwan zafi ta kwana, an shuka 200 a ledojin ruwan sha da aka tsinto, ƙasa kashi biyu, taki kashi ɗaya. Za a dasa su a bakin fadama a Yuli, kowace da shingen ƙaya saboda awaki.

2 ga Maris

Gwajin rana: an rufe rabin kowane ƙyalle da kwali, an ɗora a kan rufi kwana 14. Baba bai motsa ba. Baƙi ya ɗan yi ja-ja. Marke ya ƙara duhu kaɗan. Albasa ta rage kamar kashi ɗaya cikin uku a ido. Karan dafi ya dusashe a fili, don haka a auduga sai dai kayan ɗaki, ba na shiga rana ba. A wanki biyar da sabulun salo duka sun tsaya. Garin sabulu mai ƙarfi ya ci albasa da karan dafi.

Sai ruwan da ake zubarwa. Ba ya kama da na rinin zamani mai soda da hodar da ke ƙona hannu, balle abin da masana'antun fata na Sharaɗa da Challawa suka daɗe suna sakar wa Kogin Challawa. Amma kada a ce ba shi da illa. Ruwan karofi yana da kaifi, inda aka zubar da shi sau uku a Nuwamba har yau ciyawa ba ta fito ba, ƙasar ta yi farin gishiri. An haƙa rami biyu, mita 30 daga rijiya mafi kusa. Na farko na ruwan ɗauraya ne, yana kwanciya kwana biyu, a sirka shi da ruwa ninki huɗu, a ba bishiyoyin da suka girma, ba 'yan dashe ba. Na biyu na ruwan alif da kuloko ne, an shafe shi da laso, rana ce ke shanye shi.

Karofi ya fara gajiya bayan yadi 140, tsomi goma yanzu bai kai shida na da ba. Akwai sauran busasshen baba kilo 55. Ranar 10 ga wata za a kwashe ruwan, a yashe katsi, a dunƙula a shanya don ƙonawa, domin da shi za a yi haɗi na gaba da lason karofi na biyu. A ledoji kuma, bagaruwa 163 sun tsiro, ana ba su ruwa da yamma, kwana ɗaya bayan ɗaya.